Tsakanin Goyo da Aji Ɗaya: Wa Ke Riƙe da Yaron?

Duk wanda ya bi ta Fagge da sassafe ya san yadda unguwar ke watsewa. Kafin ƙarfe takwas 'yan dako sun nufi Kantin Kwari da Singa, mai adaidaita sahu ya fita tun asuba don ya haɗa balas, mai awara ta ɗora kasko, 'yar aikatau ta kama hanyar Nasarawa ko Bompai. Sabon Gari ma haka take: miji yana gareji, mata tana da tebur a kasuwar Abubakar Rimi ko tana sayar da abinci a bakin France Road. To, wannan takarda a kan waɗanda aka bari a gida take magana, wato yaron da aka sauke daga baya, aka yaye shi, amma bai isa shiga aji ɗaya ba. Daga shekara biyu zuwa biyar, wa ke riƙe da shi?

A gidan gado na cikin birni tambayar ba ta tasowa. Ranar yaye gidan kaka ake kai yaro. In uwa ta fita unguwa, ga gwaggo, ga matar wa, ga tsohuwa a bakin ƙofar ɗaki da carbinta, idonta na kan kowa. Amma waɗannan unguwanni biyu tun asali masaukin baƙi ne. Fagge zangon fatake da Buzaye ce a bayan ganuwa tun kafin zuwan Turawa. Sabon Gari kuwa an yanka ta wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Har yau akasarin masu ƙaramin ƙarfi a nan 'yan haya ne. Kakar yaro tana Ɗambatta, ko Damagaram, ko Anacha, ko Ogbomosho. Mutum ya zo da matarsa da tabarmarsa, amma ya baro masu raino a gida.

Shekarun baya na zauna a wani gidan haya a Fagge, ɗaki tara, banɗaki ɗaya, ruwa sai na 'yan garuwa. Maƙwabciyarmu tana wanke-wanke a wani gidan abinci, mijinta yana tura baro. Suna da yarinya 'yar shekara tara da ƙaninta ɗan shekara biyu da rabi. Kullum da safe sai yarinyar ta sa kayan makaranta, don kunya, ta tsaya bakin ƙofa.

"Umma, yau ma ba zan je ba?"

"Yi haƙuri, uwata. Wa zan bar wa shi? Gobe kya je."

Sai ta cire hijabin makarantar ta goya yaron da zanin uwarta, ƙafafunsa na dukan ƙwaurinta. Da rana za ka same shi zaune a bakin kwata yana wasa da murfin kwalba, ita tana wanke tukwane. Ba ya yunwa sosai, ba a dukansa. Amma yini guda babu babban da ya yi masa magana in ban da "tashi daga nan". Asara biyu ke nan a ɗaki ɗaya: yaya ta rasa aji, ƙane ya rasa mai yi masa hira. Ban ga laifin uwar ba, ba kuma zan gani ba. In ta zauna, me za a ci?

Wani zai ce, ai yaro ne, me ya sani? Nan kuskuren yake. A waɗannan shekaru ne harshe ke kamawa, yaro ke koyon sauraro, da jira, da tambaya. Ga wani abu da aka gwada a Kingston ta ƙasar Jamaika. A 1986 da 1987 masana suka ɗebi yara 129 'yan gidajen talakawa waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya kan ziyarci gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, ta koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka nemo yaran. Waɗanda aka yi wa ziyarar, abin da suke samu ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Lura, ba gini aka yi ba, ba kwamfuta aka raba ba. Gwangwani da tsumma da bakin uwa ne suka yi aikin.

Mu kuwa wa ya fi mu irin wannan jari? Tatsuniya, kacici-kacici, 'yar tsana, motar kara, waƙar tawai da kaka ke yi tana jijjiga jika a cinya. Mun bar su ne muka miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Ya ke uwa, ko kina tsintar wake ne, ki sa shi ya ƙirga miki. Ya kai uba, in ka dawo a gajiye, minti goma na hira ba zai karya ka ba. Tambaye shi me ya gani yau, ka kuma jira amsa.

Sai batun haƙƙi, wanda mutane da yawa ba su san suna da shi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, a makarantun firamare na gwamnati, kyauta. Shi ne abin da muke kira rabin aji. Jihar Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yunin 2024 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Saboda haka wanda ya je firamaren unguwarsa ya tambayi rabin aji ba bara ya je ba. In an ce babu, ko akwai amma yara sun yi cunkus a ƙasa babu mai kula, akwai kwamitin iyaye da malamai, akwai kwamitin al'umma mai sa ido a kan makaranta, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sama da shi akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. A je a ƙungiyance, da mai unguwa a gaba. Takardar mutum talatin ba a jefa ta a kwandon shara da sauƙi.

Masu kai yara nazare ta kuɗi, a shiga ciki a duba kafin a biya. Turancin da ke jikin allon ƙofa ba shi ne ma'auni ba. Akwai taga? Akwai ruwa da wurin kewayawa? Yara nawa ke hannun mace ɗaya? In ka ga ɗan shekara uku an dasa shi a benci awa biyar yana kwafar abin da bai gane ba, ga bulala a kan tebur, to ka riƙe kuɗinka.

Amma rabin aji na ɗan shekara biyar ne, kuma kafin azahar an tashi, alhali Kwari sai yamma. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaciya hutun mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa, sai dai mai soya ƙosai ba ta da ubangidan da za ta nema a wurinsa. Wannan giɓi mu za mu cike shi, kuma dabarar tana hannunmu. Matan da suka iya adashin kuɗi shekara da shekaru ba tare da rigima ba, adashin raino ba zai gagare su ba. Mata shida a gida ɗaya, kowacce ta ɗauki yini guda a mako. Ko a haɗa ɗan abin da ya sauwaƙa a ba wata dattijuwa amintacciya ta riƙe yaran layi. Sharaɗi uku kawai: kada yaran su fi ƙarfinta, a rufe rijiya a kawar da risho da kalanzir, kuma kowane yaro ya zo da katin rigakafinsa a cike, har da allurar ƙyanda. Indiya ta mai da irin wannan ɗakin raino na unguwa aikin gwamnati tun 1975. Mu ma ma kai can, amma yaron bana ba zai jira ba.

Ku kuma shugabannin Kantin Kwari, da Singa, da kasuwar Sabon Gari, da limaman Fagge da fastocin Sabon Gari: kuna karɓar kuɗin gadi da na shara, kuna da ɗakunan Islamiyya da na majami'a waɗanda ke kulle tun safe har la'asar. A taronku na gaba, a buɗe ɗaki ɗaya, a shimfiɗa tabarma, a ajiye randa, a ɗauki mata biyu a riƙa biyansu. Kai kuma mai karatu, in akwai yarinya a gidanku da ke goyo a lokacin da ya kamata tana aji, tara matan gidan a daren yau a yi maganar.