Takardar da Ake Jira Kafin Biza

Ɗana,

Jiya da ka zo gaishe ni bayan la'asar na ga fuskarka ba walwala, amma da yake akwai baƙi a zaure ban tsawaita ba. Mahaifiyarka ce ta warware mini zancen daga baya. Ta ce jami'ar Ingila ta ba ka gurbin digiri na uku a kimiyyar ƙarafa, sai kuma ta rubuto cewa ba biza sai ka kawo wata takarda mai suna ATAS, wai sai gwamnatinsu ta bincike ka. Ta ce har ka yi fushi, kana tambaya ko kai ɗan ta'adda ne. Ka sassauta zuciyarka, ka ji abin da na sani.

Ba saboda kai aka ƙirƙiro wannan tsari ba. Tun shekarar 2007 Birtaniya ta kafa shi, kuma ma'aikatar harkokin wajensu ce ke riƙe da shi, ba ofishin biza ba, ba kuma jami'a ba. Abin da suke tsoro shi ne mutum ya zo ya koyi ilimi a ɗakin bincikensu, ya koma ya haɗa makamin ƙare dangi da shi. Suna da dalilinsu. Abdul Qadeer Khan na Pakistan ya yi karatun ƙarafa a Turai, irin fannin naka, ya yi aiki a Holan a wurin da ya shafi tace yuraniyom, ya koma gida a 1975, daga baya ya zama uban bam ɗin nukiliyar ƙasarsa. Rihab Taha, wadda ta jagoranci binciken makamai masu ƙwayoyin cuta a Iraƙi zamanin Saddam, a wata jami'ar Ingila ta yi digirinta na uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa duk mai neman karatun gaba da digiri a fannoni irin su injiniyanci, fiziks, kemistiri, lissafi, kwamfuta da wasu sassan ilimin halittu zai iya cin karo da wannan shinge. A watan Mayun 2021 ma suka faɗaɗa shi ya haɗa da masu zuwa aikin bincike, har furofesoshi.

Ba zan ce maka komai a ciki adalci ne ba. Ɗan Amurka, ko Kanada, ko Japan, ko Ostireliya, ko ƙasashen Tarayyar Turai, ba a tambayarsa wannan takarda. Kai mai koren fasfo ake tambaya. Abin da zafi, na yarda. Sai dai ka tuna nan garinmu akwai barikin soja, kuma ko kai haifaffen Kontagora ne, kakanka ya zo tare da Nagwamatse, ba ka wuce ƙofar nan sai ka faɗi wurin wanda ka zo da abin da ya kawo ka. Haka a Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya tun 2004, ba kuma kowa ke kutsa kai ya gan shi ba. Mai gida ke da ikon ƙofarsa. Amurka ma tana da nata salon, inda akan riƙe fasfon ɗalibin kimiyya a ce ana ƙarin bincike, ba ranar gamawa.

To, ga inda na fi so ka buɗe kunne.

Takardar nan kyauta ce. Ko sisi ba a biya, kuma ta intanet kake cikewa da hannunka. Duk wanda ya ce maka ya san wani a ciki, ka kawo kaza zai fito maka da ita cikin mako guda, ka yi masa sallama ka kama gabanka, domin babu layin gaggawa a wannan sha'ani. Kada kuma ka miƙa wa yaron shagon kwamfuta ya cike maka don ya fi ka saurin hannu. Za a tambaye ka makarantun da ka yi, wuraren da ka yi aiki, abin da ka taɓa wallafawa, wanda zai biya maka kuɗin karatu, ko ka taɓa aikin soja. Kai kaɗai ka san amsar. In PTDF ce ko TETFund ke ɗaukar nauyinka, ka rubuta haka. In gonar mahaifinka ce, ka rubuta haka. Shekarar bautar ƙasa ma kada ka tsallake ta, kar a ga rami a tarihinka a yi ta tunanin me ka ɓoye.

Sai maganar suna, wadda ita ce cutarmu. Na koyar shekaru da yawa, na ga yaro ɗaya da suna uku: Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Muh'd a fasfo, ranar haihuwa kuwa kowace takarda da tata. A nan mukan yi dariya mu je kotu a yi rantsuwa. Can kuwa wanda ke duba takardarka bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, abin da ke gabansa kawai yake gani. Ka sa fasfonka a gaba, ka kwafi komai daga cikinsa harafi bayan harafi.

Bayanin bincikenka kuma, wanda jami'a ta aiko maka tare da lambar fanni da suke kira CAH3, shi za ka saka yadda yake. Kada ka rage masa kaifi don ka ga kalma mai kama da ta soja, kada ka ƙara masa gishiri don ka burge. Abin da kai da malamin da zai duba aikinka kuka amince a kai, shi ke nan. Akwai wani tsohon ɗalibina da ya ga dabara ce ya sauya bayaninsa ya yi laushi, sai ya saɓa da na jami'a, dole ya sake daga farko, ya rasa zangon karatu guda. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ƙaryar ta tsoro ce. Kuma ko bayan ka isa, in ka sauya maudu'in bincike ko jami'a, ko ranar gamawarka ta ja fiye da wata uku, sai ka sake neman sabuwa.

Za su nemi mutum biyu da suka san ka aƙalla shekara uku, ɗaya malamin jami'a. Ni ban isa ba, dangi ba sa shiga. Ka nemi malaminka na Jami'ar Fasaha ta Minna, ka je da ƙafarka ka gaishe shi, ka gaya masa ka sa sunansa.

Lokaci kuwa, ba a fafa gora ranar tafiya. Su da kansu suna cewa a ba su aƙalla kwana 30 na aiki, wato mako shida, kuma daga Afrilu zuwa Satumba, lokacin da kowa ke rububi, takan wuce haka. In ta fito, wata shida take aiki wajen neman biza. Jami'o'i da yawa ba sa sakin takardar tabbatar da gurbi da ake kira CAS sai sun ga ATAS, ba CAS kuwa ba biza. Gwajin tarin fuka da za ka yi a Abuja ko Legas shi ma wata shida ne ransa, don haka kar ka yi shi da wuri ya mutu a hannunka kana jira. Akan hana wasu, sau da yawa ba tare da an faɗi dalili ba. In haka ta faru, Allah ya kiyaye, ana iya neman a sake dubawa, kuma Ingila ba ita kaɗai ke koyar da ƙarfe ba.

Saboda haka kada ka ajiye aikinka tukuna, kada ka sayi tikitin jirgi, kada ka bari a fara yi maka walimar bankwana. Na ji ana cinikin babur ɗinka. Ka dakatar da shi, da shi za ka riƙa zuwa inda intanet ke da ƙarfi. Ranar Asabar ka zo da fasfo da duk takardunka mu baje su a tabarma mu gwada sunayen, ni da tabarau, kai da idon ƙuruciya. Gwaggonka ta ce ka zo da yunwarka.

Baffanka.