Darasin Tarihi: Ƙaramin Jirgin da Ya Hau Dutsen Jos

Mutanen Birnin Kudu da Gwaram sun san dutse. Duk wanda ya taɓa hawa dutse da kaya a ka ya san wuyarsa. To, yaya jirgin ƙasa zai hau dutse, ga shi da nauyi?

Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogon da take bi shi ma ƙarfe ne. Idan hawa ya yi tsanani, sai ƙafar ta riƙa zamewa. A wasu ƙasashe masu duwatsu, irin su Suwizalan, sun yi wata dabara. Sukan ɗaure tarago biyu da igiyar ƙarfe guda, su rataya ta a kan wani babban gargare a tashar da ke bisa dutse. Idan tarago ɗaya yana sauka, nauyinsa yana taimakawa wajen jawo ɗayan sama. Kamar guga biyu ne a igiya ɗaya: wannan na shiga rijiya, wancan na fitowa.

A Arewa wata dabarar aka yi. Dogo ya iso Zariya da Kano a 1911. A lokacin Turawa suna haƙar kuza a Jos. 'Yan dako da jakuna ne ke ɗaukar ta, tafiyar kwana da kwanaki, har bakin kogin Binuwai. Sai aka shimfiɗa wani ƙaramin dogo daga tashar Zariya. Ya bi ta Soba da Dutsen Wai, ya kai Rahama a 1912. A 1914 ya hau dutse ya isa Jos da Bukur. Tsawonsa mil 143.

Turawa sun sa masa sunan Bauci, amma bai taɓa shiga garin Bauci ba. A zamanin nan Jos tana cikin Lardin Bauci ne, shi ya sa.

Faɗin babban dogo ƙafa 3 da inci 6 ne. Na wannan ƙaramin kuwa ƙafa 2 da inci 6. Siririn dogo ya fi araha, kuma yana iya shan kwana. Saboda haka jirgin ba ya tunkarar dutse gaba da gaba. Kewaya shi yake yi, yana hawa sannu sannu, kamar yadda jaki mai kaya yake yi. Amma fa akwai cikas. Taragonsa ba ya hawa babban dogo. Duk buhun kuza da ya iso tashar Zariya sai lebura sun sauke shi, sun sake loda shi a babban jirgi mai zuwa Ikko.

Kuzar nan ta ci mutane. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa ɗibar manoma daga lardunan Arewa da ƙarfi, ana kai su haƙar kuza. Sanyin Jos ba irin na gida ba ne, ga ƙarancin abinci da na bargo. Da yawa sun rasu a can, wasu kuma suka gudu gida a ƙafa.

Tun a 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafancan, kuza ta koma bin hanyar Fatakwal. Daga baya kuma manyan motoci suka yawaita. Ƙaramin jirgi ya rasa kaya, aka rufe shi a 1957, aka ciccire dogon. An adana wasu kawunansa a gidan tarihi na Jos.

Tambayoyi

1. Me ya sa jirgin ƙasa ba ya iya hawa dutse kai tsaye?
2. Don me ake sauke kuza a tashar Zariya?
3. A tambayi dattawan gari: akwai wanda aka ɗiba zuwa haƙar kuza daga ƙauyenku? A rubuta abin da suka faɗa, a kawo wa malamin aji.