Kafin Ka Kira 'Yan Gwangwan

Ɗana,

Allah ya jiƙan Yaya, mahaifinka, ya haskaka kabarinsa, mu kuma ya sa mu cika da imani.

Saƙonka ya iso ni. Ka ce mai shago ya ba ku zuwa ƙarshen wata ku kwashe kayan Yaya daga shagonsa na ɗaukar hoto. Ka buɗe kabad ɗin baya ka tarar da kyamarori da gilasansu, da fitilun filasha, da na'urar faɗaɗa hoto, da adaka biyu maƙare da negetif. Ka ce wani ɗan gwangwan ya leƙo, ya yi tayin ɗora komai a sikeli ya biya kuɗin ƙarfe. Shi ne kake tambaya: Baffa, in sayar ko in ajiye?

Ban ga laifinka ba. Ka taso ka tarar waya ta maye gurbin mai hoto, kuma ɗakin da kake haya ba shi da wurin ajiye adaka. Amma shekara goma sha ɗaya na yi ina yaron wannan shago, ina wanke farantan magani, ina shanya hotuna a igiya. Saboda haka ka ba ni aron kunnenka. Abin da ke cikin shagon nan iri uku ne, kuma kowanne da hukuncinsa. Akwai dukiyar magada, akwai abin da ya zama haɗari, akwai kuma amanar mutane.

Mu fara da dukiya. Tun ranar da Yaya ya rasu kyamarorin nan suka zama gado. Mahaifiyarka tana da rabo a ciki, ƙannenka mata suna da rabo, haka ma autanku da bai balaga ba. Don haka ba ka da ikon kyautar da su, ba ka kuma da ikon karya musu daraja don kana sauri. Ka rubuta kowane abu a takarda, da sunansa da lambar da ke jikinsa. Ka nemi wanda ya san kan kaya ya yi musu kuɗi, a karanta wa kowa ya ji. Wanda ransa ya kwanta da wani abu sai a lissafa masa a cikin rabonsa. Abin da ake rainawa a gado shi ne yakan raba zumunci bayan shekara ashirin.

Kada kuma ka ɗauka ƙarfen banza ne. Gaskiya ne kasuwar fim ta faɗi faɗuwa mai tsanani. Wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, abin da ya ƙirƙira kuma ya zo ya cinye kasuwar gidansu, har kamfanin ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi a 2012. Amma fim bai mutu ba. Har gobe ana yin fim ɗin Ilford na fari da baƙi a Ingila. Kodak ta dawo da fim ɗinta na Ektachrome a 2018, a 2024 kuma aka fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Matasa a ƙasashe da dama sun koma neman irin kayan da ke cikin kabad ɗinku. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga yadda za ka gane mai rai da matacciya. Kafin komai ka cire batir daga kowace kyamara da kowace filasha, domin batirin da ya daɗe yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen da yake taɓawa. In ka ga fari ko koren gari a ramin batir, ɓarnar ta soma. Sannan ka buɗe bayan kyamara, ka fuskanci taga, ka ja hannun naɗe fim ka danna. Ka gwada a gudu daban daban. In ƙofar hasken tana buɗewa tana rufewa, a daƙiƙa ɗaya tana ɗan jinkiri, a babban gudu tana ƙiftawa kamar ido, to da sauran ranta. Pentax K1000 da Nikon FM2 suna aiki ko babu batir, ma'aunin haske kaɗai ke buƙatarsa. Canon AE-1 kuwa ba ta motsi sai da batir, kada ka yanke mata hukunci kafin ka sa mata sabo. Baƙin soson da ke gefen murfi in ya narke yana manne wa yatsa, wannan ƙaramin gyara ne.

Gilasan kuma ka haska su da fitilar waya ta baya, ka duba ta gaba. In ka ga zare zare kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, laimar damina ce ta haife ta. Ka ware masu ita daga masu lafiya. Ka fitar da komai daga jakar fata, domin fata tana riƙe danshi. Kada ka goge gilashi da bakin riga: ƙurar hunturu yashi ce, tana karce shi. A fara hure ƙurar tukuna, sannan a shafa da tattausan ƙyalle mai tsabta. Ka sani kuma sau da yawa gilashi ya fi jikin kyamara kuɗi, domin da ɗan zoben haɗi ana ɗaura tsohon gilashi a kan kyamarar zamani, masu ɗaukar fim da bidiyo kuma suna son irin laushin hoton da yake bayarwa.

Shawarata a nan ita ce a sayar da mafi yawansu, ba tare da jin kunya ko nauyi ba. Kyamarar da aka kulle a akwati lalacewa take yi, man cikinta ya daskare, fumfuna ta ci gilashinta. Ajiyar da ba a dubawa zubarwa ce a hankali. Gara ta je hannun wanda zai sa mata fim. Ka gaya wa mai saye aibin kowacce, kada ka ɓoye. In magada sun yarda a yi wa Yaya sadaka da wasu, akwai ɗaliban zane da ɗaukar hoto a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai masu koyon aikin fim a Jos. Ɗalibin da ya koyi auna haske da hannunsa a kan fim mai ɗauka 36 kacal zai koyi yin tunani kafin ya danna.

Guda ɗaya nake roƙon ta zauna a gida, ko da daga rabonka za a cire: Yashica mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama. Da ita Yaya ya fara. Fim ɗinta hoto 12 yake ɗauka. Ina ganinsa har yanzu ranar sallah, layi ya kai bakin titi, ya rataye ta a wuya ta sauka daidai cikinsa, ya sunkuyar da kai yana duban gilashin sama, inda dama ke komawa hagu. Ba ya dannawa sai ya je ya gyara wa yaro hula, ya daidaita wa dattijo hannun babbar riga, ya dawo ya ce, “To, a dube ni, kada a ƙifta.” Da wannan akwatin aka biya kuɗin makarantarka. Ka sa ta inda iska ke shiga, ka riƙa danna ta lokaci lokaci, ka nuna wa 'ya'yanka.

Kashi na biyu ba ya son dogon bayani, amma yana son kulawa. Kwalabe da garin maganin wanke hoto kada a zuba su a kwata ko kusa da rijiya. Ruwan da aka riga aka kafe hoto da shi yana ɗauke da azurfa, kuma yana cutar da halittun ruwa. Kada a juye su a robar lemo, yaro zai iya ɗauka ya sha. Ƙananan batura na da, masu kama da maɓalli, wasunsu zaiba ce a ciki, ba a jefa su a wuta. Filasha kuma kada yara su kwance ta, tana iya riƙe wuta a cikinta ko an cire batir. Ka tattara waɗannan wuri guda ka rufe, ka nemi malamin kimiyya ko tsohon mai wanke hoto ya nuna maka yadda za a rabu da su.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zauna na rubuta maka da hannuna, wato adakun nan biyu.

Wata rana da la'asar, ina shagon, wata dattijuwa ta shigo da jikanta. Ɗanta ya rasu a hatsarin mota, gobara kuma ta riga ta cinye ɗakinta da duk abin da ke ciki. Abin da ta iya tunawa shi ne an taɓa ɗaukarsa hoto a nan, da ƙaramar sallah, shekarar da aka yi canjin kuɗi. Yaya bai ce komai ba. Ya jawo littafinsa, ya bi kwanan wata da yatsa, ya buɗe adaka ya zaro ambulan. Muka shiga ɗakin duhu, ya kunna jar fitila, ya haska negetif a kan farar takarda, ya tsoma ta a faranti yana girgizawa a hankali. Ina tsaye na ga hula ta fara fitowa, sai idanu, sai murmushi. Da aka miƙa wa dattijuwar, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ga yaron ta ce, “Ga babanka.” Yaya bai karɓi ko kwabo ba. Da suka fita ya ce mini, mu masu ajiya ne, hoton na masu shi ne.

Kyamara in ta ɓace ana samun irinta, domin dubbai aka ƙera. Negetif kuwa guda ɗaya ne a duniya. A cikin adakun nan akwai angwaye da amare, da mahajjata ranar dawowa, da 'yan makaranta, da mahaya ranar hawa, da tituna da gine ginen da aka rushe. Akwai ɗinki da kitso da ɗaurin kallabin da yanzu ba a yi. Dubi Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948 yana ɗaukar mutanen gari kamar yadda Yaya ya yi. Ya adana negetif ɗinsa shekara da shekaru, sai a farkon shekarun 1990 duniya ta san da shi, har aka yi babban baje kolin aikinsa a Faris a 2016. A nan gida Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitso a 1968, ya tara kusan dubu, yau su ne madogarar masu nazarin kitson da ya shuɗe. Ba ina yi maka alkawarin kuɗi ba ne. Ina nuna maka cewa abin da mai hoton unguwa ya tara tarihin al'umma ne.

Ga yadda za ka kula da su. Ka riƙe negetif ta gefe, da busasshen hannu mai tsabta. Ka cire duk robar ɗauri da ƙarfen maƙala takarda. Waɗanda suka manne da juna kada ka ɓamɓare su da ƙarfi. In ka buɗe ambulan ka ji tsami yana tashi kamar ruwan kal, fim ɗin ya fara ruɓewa ne, kuma yana harbin na kusa da shi, sai ka ware shi, ka fara kwafe shi kafin saura. Masu launi sun fi saurin koɗewa a kan fari da baƙi. A ɗaga adakun daga ƙasa saboda gara da ruwa, a sa su a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa, nesa da kwanon rufi. Ka riƙa kwafe negetif ɗin a kwamfuta kaɗan kaɗan, ka ajiye kwafin a wuri biyu, amma kada ka zubar da na asali. Littafin Yaya mai lambobi kuwa ka tsare shi kamar takardar gida, domin shi ne mabuɗin komai.

Sai ka yi hattara da abu guda. Matan da suka zauna gaban kyamarar Yaya sun zauna ne don sun amince da shi. Wata amarya ce ba mayafi, hoton na mijinta ne kaɗai. Yau ta zama kaka a gidan mutunci. Kada sha'awar yabo ta sa ka watsa ta a Facebook. In ka gane iyalan, ka kai musu abinsu, ka nemi izini kafin ka nuna wa kowa. In ba ka gane su ba, a bar kaza cikin gashinta.

Hotunan da suka shafi jama'a, irin na hawa da kasuwa da taruka, in sun fi ƙarfin ajiyarku, ka tuntuɓi Gidan Arewa a Kaduna, ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke can, ko Gidan Makama a Kano. Duk wanda za ka ba, ko ɗan gida ko baƙo mai ɗauke da daloli, a yi a rubuce: aro ne ko kyauta ko sayarwa, wa ke da ikon bugawa, kuma sunan Yaya ya kasance a jikin kowane hoto. Bayan rasuwar Keïta a 2001 an daɗe ana jayayya har gaban kotu kan ikon mallakar negetif ɗinsa. Rigakafi ya fi magani.

Ka roƙi mai shago ya ƙara muku mako biyu. In bai yarda ba, ka kawo adakun gidana, akwai wuri a ɗakin soro. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka zo da mahaifiyarka, ka taho da littafi da biro. Ni da ita za mu riƙa ɗaga negetif a hasken taga muna faɗa maka ko su wane ne, kai kuma kana rubutawa. Mu da muka san fuskokin nan saura kaɗan, idona kuma ya fara rauni. Ƙarfe zai iya jiran mai saye har baɗi, amma wannan aikin ba zai jira ba.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ikon riƙe amana.

Baffanka.