Kafin ka ɗaukaka ƙarar iyakar gona, duba dosiyenka

Alƙalin da zai saurari ƙararka a Zinder bai san gonarka ba. Bai taɓa ganin gawon da mahaifinka ya ce shi ne iyaka ba, bai ga layin aguwar da aka tuge da bazara ba, kuma ba shi ne ya saurari dattijon da ya ba da shaida a kotun Mirriya ba. Abin da ke gabansa takardu ne cikin dosiye. In ɗaya ta ɓace a hanya, to a wurinsa ba a taɓa yin wannan magana ba. Abin yana ci mini rai, domin mutum zai sayar da akuya ya biya kuɗin mota daga Gaffati, da gaskiyarsa a hannu, ya sha kaye saboda takardar da ba a saka ba.

Takardar farko ita ce ta gida. Dokar ƙasar karkara, wato doka mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, ta sa rigimar gona ta fara bi ta hannun sarakunan gargajiya domin sulhu kafin ta kai kotu. Ko an shirya ko ba a shirya ba, ana rubuta takardar zaman, wadda ake kira pebe. Kada ka tashi daga ƙofar maigari ko fadar sarki da "ai kowa ya ji". Ka roƙa cikin ladabi: ranka ya daɗe, a rubuta mini abin da aka yi, a sa hannu, a buga tambari. Ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka, ka ji ko an sa sunayen shaidu da abin da kowa ya faɗa. In an yi rantsuwa da Alƙur'ani, ko an miƙa ta wani ya ƙi, a rubuta wane ne, da rana, da waɗanda aka yi a gabansu.

Sai takardun gonar kanta. Mutanen wannan yanki ba baƙin kofo ba ne, tunda Mirriya tana cikin wuraren farko da aka kafa wannan hukuma ta filaye a Nijar, a 1994. Akwai ta a gari, da komin, da gunduma, kuma tana ba da shaidar mallakar gargajiya, da ta saye, da kyauta, da aro, da haya, da jingina. In kana da ɗaya, kada ka miƙa ta asali ka koma gida hannu rabbana. Ka ba da kofi da aka tabbatar, ka riƙe ta asali don nunawa. In taka ta ɓace, nemi kofi a rajistar hukumar.

Yanzu ga inda nake so ka fi tsayawa. A rigimar iyaka babu abin da ya kai ranar da kotu ta taka zuwa gona. Ranar ce ake bin iyaka da ƙafa, a tambayi maƙwabtan gabas da yamma, a ga tsohon kututturen dashi, a ga inda gamba ta tsaya da inda burtali ya ratsa. Duk wannan ya kamata ya koma rubutu, tare da zanen gonakin biyu. Damina ɗaya tana iya shafe alamar da aka gani, kuma dattijon da ya nuna ta yana iya rasuwa kafin a kira ƙararka. Saboda haka ka tambayi girefiye, wato magatakardan kotu, kai tsaye: takardar zuwa gona tana ciki? Zanen yana ciki? Maganar shaiduna tana ciki, da sunayensu daidai? In ya ce eh, ka nemi a nuna maka ko a nuna wa lauyanka, ku ƙirga shafukan tare. Ba zargin kowa ba ne. Ofis ne mai dosiye jibge, ganye ɗaya yakan zame ba da nufin kowa ba.

Hukuncin ma kashi biyu ne. Akwai gajeren bayanin da aka karanta a zaure, akwai kuma cikakken hukunci mai ɗauke da dalilai. Cikakken za ka nema. A shari'ar da aka yanke bisa al'ada, alƙali yana zama da mashawarta masana al'ada, kuma dole hukuncin ya bayyana al'adar da aka bi. Ka duba ko an rubuta ta, da sunayen mashawartan, da na tafinta in an yi tafinta, domin rashinsu hujja ce da lauya zai iya kamawa. Amma kada ka zauna jiran a buga hukunci har lokaci ya ƙure. Wa'adin ɗaukaka ƙara ƙayyadadde ne. Tun ranar yanke hukunci ka tambayi kwana nawa gare ka, ka shigar da ƙarar, ka karɓi takardar shaida mai kwanan wata.

To in dosiye ya riga ya isa Zinder da giɓi fa? Ka faɗa tun zaman farko, kuma a rubuce: takarda kaza ba ta ciki, ga kofina, ina roƙon a nemo ta daga kotun farko. Kotun ɗaukaka ƙara tana sake duba maganar tun daga tushe, tana da ikon sake jin shaidu ko ta sa a koma gonar. Ka nemi hakan a nan, domin kotun ƙoli a Yamai ba ta auna gona, tana duba ne kawai ko an bi doka daidai.

Kafin a gama shari'ar, kada ka taɓa iyakar. Kada ka sare itace, kada ka matsa da shuka ko taku ɗaya, ko da maƙwabcin ya tsokane ka. In shi ya taɓa, kira maigari da mutanen kofo su gani, a ɗauki hoto da waya, a rubuta ranar, ka kai kofi kotu a saka cikin dosiye.