Ina Ɗalibai Za Su Zauna Su Yi Muraja'a? Shawara Ga Masu Kula Da Laburaren Manyan Makarantun Bauchi

Ana saura mako biyu a fara jarrabawa na shiga wata babbar makaranta a garin nan da la'asar. A ƙarƙashin matakalar bene, bayan laburare, na tarar da ɗalibai shida. Biyu suna zaune a kan bulo, ɗaya a kan jakarsa, 'yan mata biyu sun shimfiɗa sallaya sun ɗora littattafai a cinya. Na shidan yana tsaye da guntun alli yana warware lissafi a jikin bango, in wuri ya cika sai ya goge da gefen hannu ya ci gaba. Na tambaye su abin da ya hana su shiga ciki, ga kujeru ga fanka. Mai allin ya ce mini a ciki ba a magana, su kuwa sai sun yi magana suke ganewa.

Gaskiyarsa. Ma'aikacin laburaren da ke buga tebur yana cewa a yi shiru shi ma yana da gaskiya, domin akwai wanda ya zo neman natsuwa kuma haƙƙinsa ne ya samu. Matsalar ita ce an zana yawancin ɗakunan karatunmu don mutum ɗaya da littafinsa, alhali karatun da ake yi yanzu, musamman a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da ta Tatari Ali, kaso mai yawa daga cikinsa aikin rukuni ne. Malami ya raba aji kashi-kashi ya ba da aiki, ɗalibin injiniya ba ya gama zane shi kaɗai, mai kaifin kai a aji yana tara abokansa ya yi musu tutoriyal. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da'irar zaure da musaffar gardawa sun girme jami'a. A nan Bauchi kuma, a 1943, su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa zaman tattaunawar da ta wayar da kan jama'a da dama a Arewa. Bai dace garin da ke da wannan tarihi ya bar ɗalibansa suna muhawarar ilimi a ƙarƙashin matakala ba.

Shawarata ta farko ba ta cin ko sisi. Kafin a kira magini, shugaban laburare da ma'aikata biyu su ɗauki mako guda suna zagaya makaranta safe, rana da dare, suna rubuta inda ɗalibai ke taruwa don karatu, su nawa ne a kowane gungu, me suke riƙe da shi, kuma me ya kai su wurin. Gani ya kori ji. Za ku tarar wani gungun soket ne ya kai shi barandar masallaci, wani inuwar darbejiya, wani kuma allon ajin da babu kowa. A Jami'ar Rochester ta Amurka an taɓa ɗaukar wata masaniyar halayyar al'umma, Nancy Fried Foster, aiki a laburare don ta lura da yadda ɗalibai ke karatu, har aka ba su takarda suka zana irin wurin da suke so, aka wallafa sakamakon a 2007. Ba mu buƙatar hayar kowa. Ɗaliban sashen zane-zanen gine-gine na nan a jami'armu, a ba su wannan a matsayin aikin aji, su auna, su tambayi 'yan uwansu, su zana.

Daga nan sai batun sauti, wanda a kansa aikin gina ɗakunan karatun rukuni ke gyaruwa ko ya lalace. Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Hana magana fita daga ɗaki daban, rage amsa-kuwwa a cikin ɗakin daban. Abin da ke tare sauti nauyi ne da rashin kafa. Bulo mai inci tara da filasta ciki da waje yana tarewa, falankin filawud guda ba ya tare komai sai ido. Kuskuren da na fi gani shi ne a ja bango ya tsaya daidai silin. Magana sai ta bi ta saman silin ta faɗa zauren masu karatun shiru kamar babu bango. Dole bangon ya zarce silin ya taɓa dekin bene ko ƙarƙashin rufi. Haka ƙofa: a sa ta katako mai kauri wadda cikinta ba holoƙo ba ne, a liƙa roba a gefunanta, a rage tazarar da ke tsakaninta da daɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sauti ma haka yake, kafa kamar faɗin yatsa ta ishe shi.

Amsa-kuwwa kuwa kayan laushi ke shanye ta. Ɗakin da ƙasansa tayil ne, bangonsa siminti, tagarsa gilashi, mutum shida in suka fara magana kowa sai ya ɗaga murya don a ji shi, nan da nan wuri ya zama kasuwa. Labule mai kauri, darduma ko tabarmar kaba a ƙasa, allon manna sanarwa mai laushi a bango ɗaya, sun isa su sauke muryar kowa. Duk ana samun su a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. Kada a manna kwalin ƙwai a bango kamar yadda wasu ke yi, ba ya hana sauti fita, ga tara ƙura, ga saurin kama wuta. In kuɗin gina bango bai samu ba, a jera kantocin littattafai masu tsawo, cike taf, tsakanin sashen magana da na shiru, a kuma nisanta su iyakar iyawa.

Wurin da za a ajiye ɗakunan shi ma yana rage rabin wahala. A sa su a ƙasa, kusa da ƙofar shiga inda dama akwai kai-komo, a bar bene da can ƙurya ga masu son shiru. In hali ya yi, su kasance kafin teburin da ake karɓar jakunkuna, da ƙofarsu ta waje. Amfanin wannan biyu ne: ɗalibi zai shiga da jakarsa da kwamfutarsa ba tare da an yi fargabar ɓatan littafi ba, sannan in an rufe laburare da dare ana iya barin wannan ɓangare a buɗe da mai gadi guda. Duk wanda ya buɗe wurin karatun dare kuwa, hanyar komawa ɗakin kwana ta shiga cikin nauyin da ke kansa. Mutanen Bauchi ba su manta da daren watan Agustan 2019 ba, lokacin da gadar ƙafa ta karye a harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Gubi bayan ruwan sama mai ƙarfi, a lokacin jarrabawa, aka rasa rayukan ɗalibai. Allah ya jiƙansu. Fitilar hanya da lafiyar hanyar a sa su cikin lissafi tun daga farko.

To, an toshe kafar sauti, ina iska za ta bi? Nan ne tsarin da aka kwafo daga ƙasashen sanyi ke ba mu kunya. Ɗakin gilashi a tsakiyar gini, babu taga, yana da kyau a hoto, amma a watan Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, in aka ɗauke wuta ba mai iya minti goma a ciki. Kowane ɗaki ya jingina da bangon waje, ya samu tagarsa, da ƙaramar kafar iska can sama kusa da silin don zafi ya fita. A guji bangon yamma, shi ke shan ranar la'asar yana amayar da ita har bayan isha'i. In babu makawa, a yi masa baranda ko a dasa bishiya. Tagogin su samu raga saboda sauron damina, su kuma rufu ruf saboda ƙurar hunturu da ke kashe kwamfuta.

Ga lissafin wuta, a duba shi da kyau kafin a sayi esi. Kwamfutar cinya shida, kowace tana jan kimanin wat 60, wat 360 ke nan. Fankar sama kusan 75, ƙwayayen fitila uku masu tsimin wuta kusan 36, cajin waya shida kusan 60. Jimla ba ta kai wat 550 ba, wato awa takwas ba za su ci fiye da kilowat-awa huɗu da rabi ba. Esi guda mai doki ɗaya da rabi yana jan sama da wat 1,000, abin da zai riƙe ɗaki biyu da duk mutanen cikinsu. Saboda haka ƙaramar sola da inbata da batir, a kan layi na musamman da ke ciyar da soket da fanka da fitila kawai, sun fi esi amfani nesa ba kusa ba. Ko a harabar da ke da babbar tashar sola, irin wadda hukumar samar da lantarki a karkara ta kafa a Gubi, wannan ƙaramin layi garkuwa ne ranar da babbar ta samu matsala. Soket kuma ya zama kowace kujera da nata, a bango sama da tsayin tebur ko a jikin teburin, ba can ƙasa bayan ƙafar mutane ba. A sayi mai inganci, araha ba ta ado a kayan wuta. A kuma binne bututun wayar intanet kafin a yi filasta, domin bangon da ke tare sauti yana raunana sigina, gara kowane jerin ɗakuna ya samu na'urarsa a kusa.

Girman ɗaki ba ya buƙatar dogon bayani. Mita uku a mita huɗu ya ishi mutum shida. Ƙananan ɗakuna huɗu sun fi babba guda, sai dai a ware ɗaya mai cin mutum goma sha biyar zuwa ashirin don tutoriyal. Tebur ya yi tsayin santimita 75, tsawo 180, faɗi 90, kujera kuma 45 daga ƙasa. Kafintocin gari da masu walda za su yi wannan da ƙwari fiye da na kanti, kuma in ya karye an san inda za a kai shi. A yi wa katakon maganin gara. Kada a kafe kujeru a daɓe, ɗalibai za su so su juya su fuskanci allo. A bar ɗaki ɗaya babu kujera sam, darduma kawai da gajeren tebur da kantar takalma a bakin ƙofa. Da yawa daga cikinmu a zaune a ƙasa muka fara karatu, kuma a haka hankalinmu ya fi kwanciya.

Allo shi ne zuciyar ɗakin. Yaron nan mai alli bai nemi talabijin ɗin bango ba, wurin rubutu ya nema. A ba kowane ɗaki allo mai faɗin falankin filawud guda, santimita 120 a 240. Farin allo yana da tsabta, amma makarsa na saurin bushewa da hunturu kuma tana tafiya a aljihu. Baƙin allo da alli ba ya yankewa, sai dai ƙurarsa ba ta jituwa da kwamfuta da masu asma. Ni dai na fi son farin allo, da sharaɗin a sayi makar da ake ɗura wa tawada, a riƙa ba da ita a teburin ma'aikata a karɓi katin shaida. In babu wanda zai ɗauki nauyin tawadar duk zango, a sa baƙin allo a huta.

Kowace ƙofa ta samu gilashi mai tsawo wanda mai wucewa zai ga ciki. Rukunin aiki yakan haɗa maza da mata, kuma wannan gilashi shi ke kwantar da hankalin ɗaliba da iyayenta da hukumar makaranta, ya toshe bakin masu zargi. A ware ɗaki ɗaya na mata zalla, inda mai goyo za ta shayar da ɗanta ba tare da ta bar karatu ba. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90 kuma babu dandamali, don keken guragu ya shige. Akwai kuma ɗalibi makaho da abokinsa ke karanta masa da murya, wanda zauren shiru ba shi da wurinsa sam. A ba shi fifiko a rajista.

Rajistar nan littafi ne kawai a teburin shiga: awa biyu ga kowane rukuni, aƙalla mutum uku, sunan mai karɓar mabuɗi. In an yi minti goma sha biyar ba su zo ba, a ba na gaba. Fita salla ba ta sa a rasa ɗaki, a rubuta wannan a fili don kada a yi gardama. A bar ruwa a gora mai murfi, a hana abinci, domin ɓurɓushinsa ke kiran ɓera da kyankyaso, su kuwa ba su bambanta gurasa da bangon littafi.

Na san tambayar da ke bakin kowane shugaban laburare: ina wurin, ina kuɗin? Laburaren Hunt na wata jami'ar jihar Karolina ta Arewa a Amurka, da aka buɗe a 2013, ya tattara littattafansa a rumbun da na'ura ke ɗaukowa, ya samu sararin ɗakunan rukuni kusan ɗari. Mu ba mu da wannan na'ura, amma muna da ɗakin da tsofaffin jaridu suka cika har silin, da akwatunan katin kundin littattafai da aka daina buɗewa, da sito mai karyayyun kujeru. A tace, a adana mai daraja a wuri busasshe, a share sauran. Kuɗin gyaran ɗaki ɗaya ko biyu ana iya sa shi cikin buƙatar raya laburare da ake miƙa wa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko a kai wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka fi saurin buɗe aljihu in an nuna musu abu ƙayyadadde da farashinsa.

A fara da ɗaki guda a hutun ƙarshen zango, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka gama, a sa ɗalibai shida su shiga su rufe ƙofa su yi muhawara da muryar da suka saba, ma'aikaci ya zauna a kujerar zauren shiru mafi kusa da bangon ya saurara. In yana rarrabe kalmominsu, a nemo kafar a toshe kafin a biya magini cikon kuɗinsa. A ƙarshen zango a ƙirga shafukan rajista da sunayen waɗanda suka zo ba su samu wuri ba, a kai wa hukumar makaranta tare da zanen ɗaki na biyu.