Darasin Wannan Mako: Rayuwar Jami'a a Lokacin Kaka, Misali Daga Samarun Zariya

 

Darasinmu na wannan mako ya shafi jami'a. Da yawa daga cikinmu muna cewa idan Allah ya kai mu za mu shiga jami'a. Amma in aka tambaye mu abin da ake yi a can, amsarmu ba ta wuce karatu da jarrabawa. Gaskiya ne ana karatu, ana kuma jarrabawa. Sai dai akwai wani ilimin da ake samu a wajen aji, wato a ɗakin zane, da dandalin wasan kwaikwayo, da wuraren taron ɗalibai. Shi muke so mu duba yau. Mun ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a matsayin misali, mun kuma ɗauki lokacin kaka, domin akwai dangantaka mai ƙarfi tsakanin wannan jami'a da kaka.

Me ya sa kaka?

Kamar yadda muka koya, shekarar Bahaushe tana da bazara, da damina, da kaka, da hunturu. Kaka ita ce lokacin da ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya nuna, ana girbi ana kaiwa gida. Tana kamawa wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba. Da abinci ya shiga rumbu sai hankalin mutane ya kwanta. Shi ya sa tun zamanin kakanninmu a kaka ake yawan bukukuwa, da dambe, da kokawa, da kalankuwa.

A ƙasashen Turai da Amurka ma tsakanin ƙarshen Agusta da Oktoba ne yawancin jami'o'i suke buɗe sabuwar shekarar karatu, wajen lokacin da ganyen itatuwansu yake fara canza launi yana zubewa. Jami'o'in Nijeriya na farko sun bi wannan tsari. Ita Jami'ar Ahmadu Bello an buɗe ta ne ranar 4 ga Oktoba, 1962, wato kwana uku bayan Nijeriya ta cika shekara biyu da samun 'yancin kai. An sa mata sunan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, kuma shi ne uban jami'ar na farko. Saboda haka duk kakar da ta zagayo, jami'ar tana ƙara shekara ɗaya. A Oktoban 2022 ta cika shekara 60.

Babbar harabarta tana Samaru, a kan hanyar da ta tashi daga Zariya zuwa Funtuwa. Akwai wata harabar a Kongo inda ake karatun shari'a da harkar mulki, asibitin koyarwarta kuma yana Shika. A Samaru ne Cibiyar Binciken Aikin Gona take. Idan kun taɓa ganin buhun iri an rubuta SAMMAZ, ko SAMNUT, ko SAMPEA, to "SAM" ɗin nan Samaru ake nufi. Na farko masara ce, na biyu gyaɗa, na uku wake. Ke nan wani abin da iyayenmu suke girbewa a kaka, asalin irinsa daga gonakin gwaji na jami'ar ya fito.

Ɗaliban da suka canza zanen Nijeriya

Kafin a kafa jami'ar, akwai wata kwaleji a wurin mai suna Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya. Ana koyar da zane da sassaƙa a cikinta, kuma yawancin malaman Turawan Ingila ne. Suna koyar da ɗalibai su yi zane yadda ake yi a makarantun Ingila.

A shekarar 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Tambayarsu ita ce: ƙasarmu tana shirin samun 'yanci, don me zanenmu zai ci gaba da kama da na wasu? Ba su ce a watsar da abin da malamai suke koyarwa ba. Cewa suka yi a koyi dabarar Bature da kyau, sannan kowa ya koma garinsu ya binciko fasahar iyayensa, a haɗa biyun a fitar da sabon abu. A 1960, shekarar samun 'yanci, Uche Okeke ya rubuta wannan ra'ayi ya gabatar wa 'yan ƙungiyar.

Kuma sun aikata abin da suka faɗa. Uche Okeke ya nazarci uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, ya mayar da shi kan takarda. Bruce Onobrakpeya ya riƙa ɗauko tatsuniyoyin mutanensa Urhobo yana sa su a hotunansa. Yusuf Grillo ya yi suna da zanen mutanen Legas da shuɗin launi. Demas Nwoko ya zama mai tsara gine-gine da kayan gida kamar ƙasa da katako, har a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta masu tsara gini a birnin Benis na ƙasar Italiya.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba, a 1961 ta watse. Shekara uku kacal ta yi. Amma har yau duk wanda zai karanta tarihin zanen zamani a Nijeriya sai ya bi ta kanta. Daga baya mutane suka riƙa kiransu 'Yan Tawayen Zariya, alhali tawayen nasu da fensir da buroshi suka yi shi. Abin lura a nan shi ne, ba darasin aji ba ne, ƙungiyar ɗalibai ce kamar tamu, sai dai su sun fi mu shekaru. Sashen zane da sassaƙa yana nan har yanzu a Samaru, kuma a kusa da shi akwai fili cike da sassaƙe-sassaƙen da ɗalibai suka yi suka bari.

Ƙauyen Dirama

Wani wurin da ya kamata mu sani shi ne dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar, wanda ɗalibai suke kira Ƙauyen Dirama. An gina shi a tsakiyar shekarun 1970. Ba a yi shi kamar silima mai dogon zaure ba. Da jar ƙasa aka gina shi, ɗakuna zagaye da fili a tsakiya, kamar gidan Bahaushe. Wani Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich ne ya tsara shi, tare da shawarar malamin dirama Michael Etherton. Dalilin yin haka shi ne a samu wurin da ya dace da irin wasanninmu na gargajiya, inda 'yan kallo suke kewaye masu wasa.

Malamai da ɗaliban wannan sashe ba su tsaya a cikin harabar jami'a ba. Sun riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Bomo, da cikin garin Samaru. Ɗaya daga cikin ayyukansu na farko sunansa Wasan Manoma. Ga yadda irin wannan aiki yake tafiya:

1. Ɗalibai su je gari su gaida dagaci da dattawa, su nemi izini.
2. Su zauna da mutane su saurari abin da yake damunsu, kamar tsadar taki, ko rashin ruwan sha, ko rashin asibiti.
3. Su shirya gajeren wasa da harshen mutanen, a kan wannan damuwa.
4. Su nuna wasan a dandali, kyauta.
5. Bayan wasan a zauna a tattauna, mutanen gari su faɗi inda wasan ya yi daidai da inda ya kauce, su kuma nemi mafita da kansu.

Wannan shi ake kira wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma. In mun lura, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A kalankuwa ma, bayan an gama girbi, samari da 'yan mata sukan kwaikwayi masu mulki da alƙalai, jama'a suna dariya suna kuma ɗaukar darasi. Jami'a ta ɗauki abin da muke da shi ne ta ƙara masa tsari.

Haka kuma jami'ar ta girmama fasahar da ba a aji aka koye ta ba. A 1988 ta ba Alhaji Mamman Shata Katsina digirin girmamawa na dakta saboda waƙoƙinsa. Daga nan ne ake kiransa Dakta Mamman Shata.

Koyon zama ɗan ƙasa

Ɓangare na uku shi ne zaman tare da shugabanci. A ɗakunan kwanan ɗalibai, irin su Amina da Ribadu da Suleiman da Ɗanfodiyo, za ka tarar da Bahaushe da Bayerabe da Tibi da Babarbare a ɗaki ɗaya, Musulmi da Kirista. Dole kowa ya koyi haƙuri da ɗan'uwansa. Ɗalibai suna da majalisar wakilansu, suna da ƙungiyoyin sassa, da na jihohi, da na addini. A nan ake koyon tsayawa takara, da jefa ƙuri'a, da rubuta bayanin taro, da riƙe kuɗin jama'a a kawo lissafi. Masu karatun shari'a sukan yi kotun gwaji, wasu su zama lauyoyi wani ya zama alƙali. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa yana cikin waɗanda suka yi karatu a wannan jami'a.

Harkar 'yan ƙasa ba wasa ba ce, tana da nauyi. A watan Afrilun 1978 ɗaliban jami'o'in Nijeriya sun yi zanga-zanga saboda an ƙara kobo 50 a kuɗin abincinsu na kullum, kuma an rasa rayuka a Legas da Zariya. A 2022 kuma malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Duk tsawon lokacin nan ɗalibai suna zaune a gida, sai da kaka ta shigo aka janye. Waɗannan abubuwa biyu suna nuna mana cewa idan shugabanni da waɗanda ake shugabanta suka kasa zama su saurari juna, kowa ne yake yin asara. Shi ya sa iya magana cikin ladabi, da iya sauraro, da iya kawo hujja, ilimi ne da ake bukata kamar lissafi.

Ina ruwanmu da wannan?

Wani zai ce mu da muke ƙaramar sakandare, ina mu ina jami'a? To, Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Muna da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, muna da darasin zama ɗan ƙasa. Mu faɗi gaskiya, wasunmu suna raina su, suna ganin lokacin hutu ne. Ranar taron ƙungiyoyi ma wasu sai su sulale gida. Akwai kuma waɗanda Allah ya ba su hannun zane ko bakin waƙa, amma suna ɓoyewa don kada a ce musu marasa aikin yi. Wanda ya ɓoye baiwarsa tun yana shekara goma sha uku, da wuya ya fito da ita yana ashirin.

Ga shawarwarinmu guda huɗu na wannan zangon karatu:

Na ɗaya, kowa ya shiga ƙungiya aƙalla ɗaya, ko ta muhawara, ko ta wasan kwaikwayo, ko ta Hausa, ko tamu ta 'yan jarida, kuma ya riƙa zuwa.

Na biyu, mu yi koyi da su Uche Okeke. Kowa ya tambayi kakarsa ko kakansa wata fasaha ta gida, kamar zanen ƙwarya, ko aikin hula, ko adon bango, ko waƙar daka, ya zana ko ya rubuta ya kawo mu manna a wannan allo.

Na uku, muna roƙon ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gwada matakai biyar ɗin nan a kan wata damuwa tamu, kamar makara ko zubar da shara, a nuna a filin taro.

Na huɗu, idan za a zaɓi shugaban aji, mu zaɓi mai gaskiya da riƙon amana, ba don abokinmu ne ko ɗan unguwarmu ba.

Ga malamanmu kuma, muna roƙo cikin ladabi, idan hali ya yi a shirya mana ziyarar ilimi zuwa jami'ar da ta fi kusa da mu, domin gani ya kori ji.

Tambayoyin gwaji

1. A wace rana da wace shekara aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello?
2. Kawo sunayen mutum uku daga Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya.
3. Me ya sa aka gina Ƙauyen Dirama da siffar gidan Bahaushe?
4. Wace kamanni ce tsakanin kalankuwa da wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma?
5. Wace fasaha ce ta gidanku kake ganin ta cancanci a koyar da ita a makaranta, kuma me ya sa?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu manna amsoshin da suka fi kyau a fitowa ta gaba. Muna roƙon kada a yage ko a yi rubutu a kan takardun allo, domin wasu ba su karanta ba tukuna.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu ga kakar baɗi lafiya. Amin.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.