Injin kafinta: a kasuwa za ka saya ko oda za ka yi?

Kafintan da ya tara kuɗi zai sayi injin zarto ko injin huda, yanzu hanya biyu ce a gabansa: ya shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kuma ya ɗauki waya ya yi oda a Jumia, Konga ko AliExpress. Shawarata ita ce, duk injin da ke aiki da wuta, ka saye shi inda za a jona maka shi a wuta ka ji kukansa kafin ka biya.

Injin kafinta ba ya tsufa lafiya. Garin katako yana shiga cikinsa, kabon ɗinsa yana cinyewa, makunninsa yana mutuwa, wata rana waya ta ƙone. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin inji, tambayi mai shago ko yana da kabon ɗinsa, sannan ka leƙa wajen masu gyara ka ji wane iri suka saba buɗewa. Makita da Bosch suna da tsada, amma an san su. Ingco da Total sun fi sauƙi, kuma sun yawaita a kasuwa, don haka kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Injin da ka yi oda mai sunan da ba wanda ya taɓa ji, ranar da ya tsaya sai dai ka tura shi ƙarƙashin benci, aikin mutane kuma yana jiranka.

A shago ka ɗaga injin ka ji nauyinsa. A kunna, ka duba ta ramukan iska: ɗan tartsatsi ba laifi, amma idan wuta na zagaye ciki ko ka ji ƙauri, ajiye shi. Da an cire daga wuta, girgiza bakin zarton ka ga ko yana lilo. Jabu ya yi yawa, kuma kwali ba shaida ba ne. Ka karɓi rasiti mai lambar injin, ku kuma yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya mayar da shi.

Babban haɗarin oda daga waje shi ne wuta. Tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120. Injin da aka ƙera don kasuwar Amurka, ka jona shi kai tsaye, nan take zai ƙone. Haka cajar batirinsa. Wannan ya shafi kayan hannu da ake shigowa da su ma, don haka karanta farantin da ke jikin injin ko da a kasuwa ka same shi. A nan ne kuma za ka ga ƙarfin da yake ja. Injin zarto na hannu yakan ci wat 1,200 zuwa 1,400, kuma lokacin tashi yana jan fiye da haka, ƙaramin janareto ba zai ɗauke shi ba.

Idan mai batir kake so, ka sani yawanci batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Wanda ka fara da shi, kusan shi za ka ci gaba da bi. A hoton oda kuma sau da yawa za ka ga inji da batir, alhali a rubutun ƙasa an ce gangar jikin kawai za a turo. Arhar da ta ja hankalinka daga nan ta fito.

Oda tana da ranarta. Ƙananan kaya marasa nauyi, irin su bakunan rauta masu fitar da ado, bakin zarto mai haƙora da yawa na yankan filawud, da kayan awo, sau da yawa ba ka samun irin da kake so a kusa, kuma kuɗin dakonsu kaɗan ne. Sai dai ka auna naka kafin ka danna. Ramin tsakiyar bakin zarto akwai mai milimita 20, akwai mai 30, na Amurka kuma yawanci kusan 16 ne. Ƙafar bakin rauta akwai mai milimita 6, akwai mai rubu'in inci, wato 6.35. Ido ba ya raba su, amma idan ka ɗaure mai 6 a mazaunin rubu'in inci, ba zai kamu da kyau ba, yana iya suɓucewa injin na tsakiyar gudu, kuma hannunka da fuskarka suna kusa.

Idan a shafin saye da sayarwa na Jiji ka ga injin, kada ka tura ko sisi. Ku haɗu da mai shi inda akwai wuta, ka tafi da guntun katako mai tauri, ka yanka da hannunka. In da hali, tafi da mai gyaran da zai riƙa duba maka shi, ka ba shi na mota.